Daga Injin En'e Zuwa KEDCO: Tarihin Wutar Kano, Katsina da Jigawa

A ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, wanda aka fi sani da KEDCO, ga 'yan kasuwar da suka sayi kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinsa. Fiye da shekara goma ke nan, amma har yau idan aka kawo wuta a unguwannin Kano ko Katsina ko Dutse, sunan NEPA yara ke kira, alhali an rushe wannan hukuma tun kafin a haife su. Mai yiwuwa wani ya ce sabo ne kawai. A ganina hukunci ne jama'a suka yanke: sunan da ke jikin takardar bil ya sauya sau da dama, halin wutar kuwa yana nan yadda suka san shi.

Duk wanda ya bi tarihin wannan kamfani da hukumomin da ya gada zai tarar da abu guda yana maimaituwa. Kusan kowane sauyi da aka yi, daga zamanin En'e zuwa yau, ya ƙara nesanta abu biyu daga mai amfani da wutar. Na farko shi ne wurin da ake samar da ita, na biyu kuma mutumin da za a tuhuma idan babu ita. Gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki ta 2023 sun buɗe ƙofar dawo da waɗannan abubuwa biyu kusa da gida, don haka tarihin ya cancanci a waiwaye shi yanzu, tun kafin gwamnatocin jihohi su maimaita kurakuran da gwamnatin tarayya ta yi.

Lokacin da wuta ke hannun En'e

A Legas aka fara kunna wutar lantarki a ƙasar nan, a shekarar 1896, ƙarƙashin sashen ayyuka na gwamnatin mulkin mallaka. Daga nan sashen ya riƙa kafa ƙananan injuna a garuruwan da Turawa ke da ofisoshi da tashoshin jirgin ƙasa, irin su Kaduna da Zariya da Inugu da Fatakwal. Kowane gari da injinsa da wayoyinsa, babu wani layi da ya haɗa wannan da wancan.

Kano ta bi wata hanya dabam. Tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa, Baitulmalin Kano ya zama mafi ƙarfi a Arewa. Da kuɗin wannan Baitulmali, wato haraji da jangalin talakawa, Hukumar En'e ta gina aikin ruwan famfo da na wutar lantarki a bakin kogin Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. En'e ta Katsina ita ma ta kafa nata injin a cikin waɗannan shekaru. Ibadan da Abekuta su ne takwarorinsu a kudu.

Bai kamata a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Wutar En'e ba ta wuce manyan ma'aikatu da asibiti da wasu tituna da gidajen masu hali ba. Manomin Ɗanbatta ko Gumel da aka karɓi harajinsa bai ga ko ƙwan fitila ɗaya ba, kuma En'e ba hukuma ce da talaka ke iya ɗaga wa murya ba. Duk da haka tsarin yana da wata siffa da muka rasa daga baya. Injin yana bakin gari, injiniyan da ke kula da shi yana cikin gari, kuɗin da aka tara a gari aka gina shi da su, kuma idan wuta ta ɗauke kowa ya san ƙofar da za a je.

A daidai wannan lokaci wani kamfani mai zaman kansa, NESCO, ya fara aiki a tsaunukan Jos a 1929, yana samar da wuta daga magangarar ruwan Kurra domin masu haƙar kuza. Wannan kamfani bai shiga cikin hukumomin gwamnati da aka kafa daga baya ba, ya ci gaba da samar da wutarsa yana sayar wa maƙwabtansa, kuma mutanen Bukuru sun daɗe suna shaidar cewa wutarsa ta fi ta gwamnati tsayawa. Ƙaramin kamfani ne, amma shi ke samarwa, shi ke rarrabawa, shi ke karɓar kuɗi, don haka ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Daga ECN zuwa Kainji

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kafa hukumar lantarki ta ƙasa baki ɗaya, ECN, wadda ta fara aiki a 1951. Hukumar ta karɓi injunan sashen ayyuka, ta kuma karɓi na En'e, har da na Kano da Katsina. Hujjar da aka bayar mai ƙarfi ce. Ƙananan injuna masu amfani da gawayi ko man dizal suna da tsada, garuruwa na girma, masana'antu na buƙatar wutar da ta fi ƙarfin Baitulmali guda. To amma daga wannan rana shawarar inda za a ja waya a Fagge ko Tudun Wada ta koma hannun hukumar da hedikwatarta ke Legas.

Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa hukumar madatsun ruwa ta kogin Neja a 1962, aka fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ƙarfin da aka girka mata ya kai megawat 760. Daga Kainji aka ja babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 zuwa Kaduna, daga baya aka kawo shi Kumbotso a gefen Kano. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe hukumomin biyu da doka mai lamba 24, aka sami NEPA.

Adalci ne a faɗi abin da wannan tsari ya haifar na alheri. Wutar Kainji mai arha ce, kuma a kanta unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa, har Kano ta zama ta biyu bayan Legas wajen yawan masana'antu. Masaƙu, kamfanonin jima, masu matse man gyaɗa, masu roba, masu alewa da sabulu, duk sun ɗauki dubban ma'aikata. Gwamnatocin jihohi sun kafa hukumomin kai wuta karkara, kuma har yau ana tuna gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi, daga 1979 zuwa 1983, da yawan garuruwan da ta kai wa falwaya da waya.

Sai dai a cikin wannan nasara aka shuka matsalar da muke girba. Da zuwan wutar Kainji tsofaffin injunan gida suka zama tarihi. Kano ta daina samar da wutar da za a ambata, ta koma mai jira a ƙarshen layi. An gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta Challawa Goje a 1992, dukansu domin noman rani da ruwan sha, ba tare da an haɗa musu injin wuta ba. Manyan tashoshin da NEPA ta ƙara daga baya, Jebba da Egbin a tsakiyar shekarun 1980 da Shiroro a 1990, babu ko ɗaya a cikin yankin da KEDCO ke kula da shi a yau.

Shekarun durƙushewar NEPA

Daga faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980 da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, NEPA ta shiga halin da ba ta fita ba har ƙarshenta. Kayan gyara daga waje ake sayo su, darajar naira na faɗuwa, farashin wuta kuma gwamnati ke ƙayyade shi bisa lissafin siyasa. Ma'aikatun gwamnati da barikoki sun zama manyan masu cin bashin hukumar. Bayan Shiroro an shafe kusan shekara goma ba a gina sabuwar babbar tasha ba, a lokacin da yawan jama'a ke ƙaruwa kowace shekara. Lokacin da aka koma mulkin farar hula a 1999, wutar da ƙasar nan baki ɗaya ke samarwa ba ta kai megawat 2,000 ba.

A waɗannan shekaru ne aka saba da ɗabi'un da suka zame mana jiki. Bil na ƙiyasi ya maye gurbin karatun mita. Mai tsani ya zama sarkin unguwa, a ba shi na goro ya mayar da wayar da ya cire da safe. Jama'a suka koyi karo-karo domin sayen taransifoma da falwaya, su kuma miƙa wa hukuma kyauta. Mai gida ya koyi zagaye mita, yana ganin ai ramuwa yake yi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma daga ɓangarorin biyu amana ta mutu.

Masana'antun Kano sun koma kan janareta, kuɗin sarrafa kaya ya ninka, ga kuma atamfa da yadin fasa-ƙwauri suna kwarara ta kan iyaka. Ba rashin wuta kaɗai ya kashe masaƙun Kano da Kaduna ba, amma yana sahun gaba cikin dalilan. Mai son ganin shaidar wannan zamani ya zaga Sharaɗa da Bompai, ya ƙirga gine-ginen da aka mayar rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga Sin.

Gyaran 2005 da cinikin 2013

A Maris ɗin 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a dokar gyaran fannin lantarki. Dokar ta rushe NEPA, ta kafa kamfanin riƙon ƙwarya mai suna PHCN, ta kuma kafa hukumar sa ido, NERC. An raba tsohuwar hukumar gida 18: kamfanonin samar da wuta shida, kamfanin dakonta guda ɗaya wato TCN, da kamfanonin rarrabawa 11. Ɗaya daga cikin sha ɗayan nan shi ne KEDCO, wanda aka ba jihohin Kano da Katsina da Jigawa.

Shekara takwas aka ɗauka kafin a kai ga sayarwa. A zamanin Shugaba Goodluck Jonathan kamfanin Sahelian Power ya sayi kashi 60 na KEDCO a kan kimanin dala miliyan 137, gwamnati ta riƙe kashi 40. Ba a zaɓi masu saye bisa wanda ya fi tayi mai tsoka ba, domin an riga an yanke farashin kowane kamfani. An zaɓe su ne bisa alkawarin wanda zai fi rage asarar wuta da ta kuɗi cikin shekara biyar.

A nan ya kamata mai karatu ya fahimci abin da aka sayar da abin da ba a sayar ba. KEDCO ba ya samar da wuta. Tashoshin gas na kudu da madatsun jihar Neja ke samarwa, TCN ya yi dakonta a kan layin kilobolt 330 zuwa Kumbotso, ya sauke ta zuwa 132 ya kai tashoshi irin su Ɗan Agundi da Dakata da Katsina da Dutse, sannan ya sauke ta zuwa 33. Daga nan ne aikin KEDCO ke farawa: layukan kilobolt 33 da 11, taransifomar unguwa, wayar da ta shiga gida, mita, da karɓar kuɗi. Ma'ana, kamfanin dillali ne da ke sayen kaya a sari ya sayar ɗai-ɗai, kuma ba shi ke yanke yawan kayan da za a ba shi ko farashin da zai sayar ba.

Yawan kayan kuwa ga lissafinsa. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kason KEDCO kashi 8 ne cikin ɗari na wutar da ke kan babban layin ƙasa. Idan ƙasa ta samar da megawat 4,000, kamar yadda aka saba gani, rabon jihohin uku megawat 320 ke nan. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, Katsina miliyan 5.8, Jigawa miliyan 4.3, jimilla kimanin miliyan 19.5. Idan aka raba, kowane mutum ya tashi da wat 16 ko kusa da haka, abin da zai kunna ƙwan fitila ɗaya ko biyu na zamani, kuma wannan da alƙaluman shekara ashirin baya ne, kafin a cire rabon masana'antu da asibitoci da abin da ke zubewa a hanya. Ko mala'iku aka ba shugabancin kamfanin, wannan kaso ba zai haskaka jihohi uku ba.

Wannan bai wanke kamfanin ba, domin asarar da ke faruwa a hannunsa ita ce aka ɗauki alkawarin ragewa. Asarar iri uku ce. Akwai wutar da ke ƙonewa a cikin tsofaffin wayoyi da taransifomar da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta. Akwai wutar da aka sha ba a rubuta ta a kan kowa ba, ta hanyar sata ko rashin mita. Akwai kuma wadda aka rubuta bil ɗinta amma ba a biya ba. Maganin biyun farko jari ne: sabbin wayoyi, ƙarin taransifoma, mita ga kowane gida. Jarin kuwa shi ne abin da akasarin masu sayen kamfanonin rarrabawa ba su zo da shi ba. Da rancen bankunan cikin gida suka biya kuɗin saye, galibi da dala, a lokacin da dala ɗaya ke wajen naira 160, alhali kuɗin da suke tarawa naira ce. Da naira ta faɗi, bashin ya kumbura, abin da ya kamata a sa a waya da mita ya tafi biyan kuɗin ruwa.

Sai aka shiga zagayen da har yanzu ba a fita ba. Kamfanin rarrabawa ba ya biyan cikakken kuɗin wutar da ya karɓa, mai samarwa ba ya iya biyan mai gas, mai gas ya rage abin da yake turawa, wuta ta ragu, mai gida ya ƙi biyan bil ɗin ƙiyasi na wutar da bai gani ba. Gwamnatin da ta sayar domin ta huta ta dawo tana cike giɓi: Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 213 a 2014, a 2017 kuma aka amince da wata biliyan 701 domin biyan masu samar da wuta.

A Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe hannun jarin da aka jinginar masa a kamfanonin Kano da Benin da Kaduna saboda gaza biyan bashi, aka naɗa sabbin shugabanni da amincewar hukumomin gwamnati. A ƙarshen 2023 kamfanin Future Energies Africa ya zama sabon mai rinjayen hannun jari a KEDCO. Cikin shekara goma kamfanin ya ratsa hannu uku, kuma babu wanda ya nemi jin ta bakin mai shago a Kantin Kwari ko mai walda a Funtuwa a kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye.

Idan aka kwatanta da zamanin NEPA, mai ƙorafi a yau ya fi rasa wanda zai kama. Ya je ofishin KEDCO a ce masa TCN ne bai kawo ba, TCN ya ce masu samarwa ne suka rage, su kuma su ce ba a biya su ba, NERC ta ce a rubuto ƙorafi. Kowannensu yana da ɗan gaskiyarsa, kuma wannan ne ya sa babu wanda ke ɗaukar alhakin duhun gaba ɗaya.

Rukunin A da duhun Oktoban 2024

A 2020 aka fito da tsarin raba masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A sa'a 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A Afrilun 2024 aka janye tallafi daga rukunin A, farashin kowane kilowat na sa'a guda ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225, kafin a ɗan rage shi. A lissafin kasuwanci matakin yana da ma'ana, domin mai masana'anta ya gwammace ya biya wannan da ya ƙona dizal. Amma a yankin da wutar ba ta isa ba, tsarin yana nufin kamfani zai fara cika layukan da suka fi kawo kuɗi, ragowar ita ce rabon Kurna da Rijiyar Lemo da ƙauyuka. Teloli da masu ƙanƙara da masu injin markaɗe, waɗanda su ne ƙashin bayan tattalin arzikin unguwa, akasarinsu ba a kan layukan rukunin A suke ba.

Wata shida bayan haka aka ga iyakar tsarin baki ɗaya. Layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda shi ne babbar hanyar wutar Arewa maso Yamma, ya riga ya lalace sakamakon ɓarnar da aka yi wa turakunsa a dajin da 'yan bindiga suka hana masu gyara shiga. A ranar 21 ga Oktoban 2024 layin da ake lallaɓawa da shi, wanda ya taso daga Inugu ya bi ta Makurɗi, shi ma ya faɗi. Jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Farashin ƙanƙara da ruwan 'yan garuwa ya tashi, injunan casar shinkafa suka tsaya, asibitoci suka koma kan janareta. Rukunin A da rukunin E suka zama ɗaya. KEDCO ba shi da laifi a faɗuwar layin, kuma ba shi da abin da zai iya yi, domin ba shi da wata babbar tasha a yankinsa da zai juya gare ta. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ke hannunmu

Ba a rasa yunƙurin samar da wuta a gida ba, sai dai tarihinsa na jan ƙafa ne. Aikin injunan iska na Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro maganarsa, ya kuma shafe fiye da shekara goma ana yi ana tsayawa. Ayyukan wuta na madatsun Tiga da Challawa Goje, waɗanda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara, sun ratsa gwamnatoci. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020, an kuma sha ɗage ranar kammala shi. A gefe guda akwai abubuwan da suka nuna hanya: wutar sola ta kasuwar Sabon Gari da aka fara a 2018, tashar megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, da tashar sola mai megawat 10 da aka ƙaddamar a Kumbotso a farkon 2023. Sun kuma nuna cewa ginawa ta fi kulawa sauƙi, domin na'urar da ba a ware mata kuɗin gyara da sauya batir ba, ƙarshenta zama kango.

A Maris ɗin 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rarraba ta, har a wuraren da babban layin ƙasa ya ratsa. A Yunin wannan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Inugu da Ondo da Ekiti na cikin jihohin farko da suka karɓi ikon sa ido kan kasuwar wutarsu a 2024. Ta haka doka ta ba hukumomin gida damar da En'e ta taɓa riƙewa.

Duk wani shiri da gwamnatocin Kano da Katsina da Jigawa suka fara ko za su fara a kan wannan dama, tarihin da muka bi yana ba shi ma'auni. Wayoyin jihohin uku a sarƙe suke, layin da ya taso daga Kumbotso ba ya tsayawa a kan iyakar jiha, saboda haka dokoki uku masu karo da juna za su ƙara wa mai zuba jari tsoro ne kawai. Hankali ya fi kwanciya da tsari guda da hukumar sa ido mai ƙwararrun ma'aikata, wadda gwamna ba zai iya umartar ta ta rage farashi gab da zaɓe ba, domin irin wannan umarni yana cikin abin da ya karya NEPA.

Sai batun samarwa. Yankin nan yana cikin mafi ƙarfin hasken rana a ƙasar, yana da madatsun ruwa, yana kuma jiran gas. Tashoshi matsakaita da za a haɗa kai tsaye da layukan kilobolt 33 na Challawa da Sharaɗa da Bompai da manyan kasuwanni da asibitoci za su rage wa babban layi nauyi, su bar ƙarin wuta ga unguwanni, su kuma hana sake aukuwar irin duhun 2024 a wuraren da rai da sana'a suka dogara da wuta. Wannan ba ya nufin a juya wa babban layin ƙasa baya. Wajibi ne wakilanmu a majalisar tarayya su matsa a kammala layi na biyu daga Kaduna zuwa Kano da wanda zai wuce Katsina.

Daga nan sai mita. Muddin gida yana karɓar bil na ƙiyasi, ba za a iya gamsar da mai shi cewa zagaye waya sata ce ba, kuma muddin ana sata, kamfani zai ci gaba da ɗora asarar a kan wanda ke biya. Gwamnatin jiha da ke son taimaka wa talaka ta fi kyauta idan ta sa kuɗinta a mita, a rubuta shi a matsayin jari ko rance ga kamfani, maimakon rabon taransifoma lokacin yaƙin neman zaɓe. Kafin ta yi wa kowa wa'azi kuma, sai ta fara biyan bashin wutar ma'aikatunta da na hukumomin ruwa da ƙananan hukumomi. Shi kuma KEDCO ya riƙa wallafa, kowane wata, da Hausa, yawan sa'o'in da kowane layi ya samu da kuɗin da aka tara a kansa, yadda mai unguwa da ƙungiyar 'yan kasuwa za su iya riƙe takarda su yi magana da hujja.

Akwai haɗari a cikin wannan dama, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Ikon jiha na iya zama sabuwar hanyar raba kwangila da muƙamai, a kafa hukuma a cika ta da 'yan siyasa, a sa hannu a yarjejeniyoyin da ba wanda ya ga abin da ke ciki, a canja wa tuwo suna karo na shida. Abin da zai hana haka shi ne idon jama'a: majalisun jihohi su yi zaman jin bahasi a bainar jama'a kafin zartar da kowace doka ko yarjejeniya, ƙungiyoyin masu masana'antu da na 'yan kasuwa su nemi kujera a hukumar sa ido, jami'o'inmu na Kano da Wudil da Dutse da Katsina da Dutsin-Ma su riƙa bin alƙaluman suna fassara wa mutane. Shekara casa'in da suka wuce kakanninmu sun biya kuɗin injin Challawa da harajinsu ba tare da an tambaye su ba. A wannan karon ma kuɗinmu ne za a kashe, kuma doka ta ba mu damar tambayar inda kowace naira ta shiga.